Alhaji Abubakar Imam: Amanar Alƙalami a Jaridar Hukuma

An haifi Alhaji Abubakar Imam a Kagara a 1911, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, sannan ya koyar a Makarantar Midil ta garin. Yawancinmu mun san shi ta littattafansa, Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, amma babbar jarrabawar rayuwarsa ta zo ne a 1939, lokacin da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka ɗora masa aikin edita.

Jaridar ta gwamnatin Turawa ce, da kuɗin hukuma ake buga ta, wato da harajin talaka. Abu ne mai sauƙi edita ya zama ɗan amshin shatan mai biyansa albashi. Imam ya ba wasiƙun masu karatu fili, jama'a suka samu inda za su faɗi damuwarsu. A 1943 ya tafi Ingila tare da 'yan jaridun Afirka ta Yamma, ya gana da tsohon Gwamna Lugga, ya bayyana masa kurakuran mulkin En'e, baki da baki da kuma a rubuce.

Duk da haka bai tsira daga suka ba, domin masu neman sauyi cikin gaggawa suna ganin jaridar ta cika lallaɓa masu mulki. Wannan ma haƙƙinsu ne, tunda dukiyar jama'a ke ɗauke da ita.

Ya rasu a Zariya a 1981. Abin da muka gada daga gare shi shi ne: wanda baitulmali ke ciyarwa, al'umma na binsa bashin gaskiya. Allah Ya jiƙansa.