Santiago Ramón y Cajal

Santiago Ramón y Cajal (an haife shi ranar 1 ga watan Mayu, 1852, ya rasu ranar 17 ga watan Oktoba, 1934) likita ne ɗan ƙasar Sifaniya, kuma masanin ginin ƙwaƙwalwa, laka da jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki. Shi ne ya kawo hujjoji mafi ƙarfi da suka nuna cewa ƙwaƙwalwa ta ginu ne da ƙwayoyin halitta masu zaman kansu, waɗanda a yau ake kira niyuron, kuma kowace ƙwaya tana miƙa saƙo ga maƙwabciyarta ba tare da sun haɗe sun zama abu guda ba. A shekarar 1906 aka ba shi kyautar Nobel a fannin likitanci tare da Camillo Golgi na ƙasar Italiya. Shi ne ɗan Sifaniya na farko da ya sami wannan kyauta a fannin kimiyya. Masana da dama suna ɗaukarsa a matsayin wanda ya aza harsashin ilimin ƙwaƙwalwa na zamani.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Cajal a wani ƙaramin ƙauye mai suna Petilla de Aragón a arewacin Sifaniya. Bisa al'adar ƙasar, ya ɗauki sunan dangin uwa da na uba: Ramón daga mahaifinsa Justo Ramón Casasús, Cajal kuma daga mahaifiyarsa Antonia Cajal. Mahaifin likitan ƙauye ne da ya tashi cikin talauci, ya yi karatu da ƙyar, daga baya ya zama malamin ilimin sassan jiki a Zaragoza. Saboda aikinsa iyalin sun yi ta ƙaura daga gari zuwa gari a yankin Aragón, sun zauna a Larrés, Luna, Valpalmas da Ayerbe.

Cajal ya taso da ƙiriniya da taurin kai. Yana ɗan shekara 11 aka tsare shi na 'yan kwanaki, bayan ya ƙera igwa da hannunsa ya fasa ƙofar wani maƙwabci da ita. Babu abin da yake so kamar zane, amma mahaifinsa ya ƙi amincewa, domin burinsa ɗan ya zama likita. Da karatu ya ƙi tafiya a makarantun Jaca da Huesca, sai uban ya kai shi koyon sana'a, da farko wurin mai aski, sannan wurin mai ɗinkin takalma. A 1868 uban ya fara koya masa ilimin ƙasusuwa da kansa, suna amfani da ƙasusuwan da suka samo daga tsohuwar maƙabarta. Yaron ya riƙa zana su dalla-dalla, kuma daga nan ne zane ya zame masa hanyar shiga likitanci.

Karatun likita da aikin soja

Ya yi karatun likita a Jami'ar Zaragoza, ya kammala a 1873 yana da shekara 21. A wannan shekarar ya shiga rundunar sojan Sifaniya a matsayin likita. A 1874 aka tura shi tsibirin Kuba, inda mutanen ƙasar ke yaƙin neman 'yanci daga Sifaniya. A can ya yi aiki a asibitocin daji da ba su da isasshen magani, ya kamu da zazzaɓin cizon sauro da atuni, har ya kusa mutuwa. An sallame shi ya koma gida a 1875.

A 1877 ya sami digirin digirgir a Madrid. A wannan tafiya ce ya fara ganin naman jiki a ƙarƙashin madubin da ke ƙara wa ƙananan abubuwa girma, wato maikiroskof, abin kuma ya shiga ransa. Da kuɗin da ya tara daga aikin soja ya sayi nasa madubin, ya kafa ɗan ɗakin bincike a Zaragoza. A 1878 ya yi fama da tarin fuka, ya tafi jinya Panticosa a tsaunukan Pyrenees. A 1879 aka naɗa shi shugaban gidan adana kayan koyar da sassan jiki na Jami'ar Zaragoza.

A 1883 ya zama farfesa a Jami'ar Valencia. Lokacin da annobar kwalara ta ɓarke a yankin a 1885, ya yi nazarin ƙwayar cutar ya rubuta rahoto, hukumar lardin Zaragoza kuma ta saka masa da madubi ƙirar Zeiss, wanda ya fi nasa ƙarfi nesa ba kusa ba. A 1887 ya koma Jami'ar Barcelona.

Muhawara a kan ginin ƙwaƙwalwa

Tun wajen 1839 masana suka yarda cewa jikin dabba da na tsiro sun ginu ne da ƙwayoyin halitta. Ƙwaƙwalwa ce ta gagare su, saboda zaruruwanta sirara ne ƙwarai kuma a cukurkuɗe suke, ba a iya ganin inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara. Bajamushe Joseph von Gerlach da wasu da dama sun ɗauka cewa zaruruwan sun narke cikin juna sun zama raga guda ɗaya. Wilhelm His a 1886 da August Forel a 1887 sun yi hasashen cewa kowace ƙwaya zaman kanta take yi, sai dai hujjar da ido zai gani ta yi ƙaranci.

A 1873 Camillo Golgi ya gano wata dabarar rini. Ana jiƙa yankin ƙwaƙwalwa a sinadarin fotasiyam daikuromet har ya yi tauri, sannan a tsoma shi a ruwan wani gishirin azurfa. Rinin yana kama ƙwayoyi kaɗan ne kawai daga cikin ɗari, amma duk wadda ya kama sai ta fito baƙa ƙirin tun daga jikinta har ƙarshen rassanta, sauran wurin kuma ya rage ruwan ɗorawa. Matsalar dabarar ita ce rashin tabbas: yau ta yi, gobe ta ƙi. Shi kansa Golgi ya ci gaba da riƙe ra'ayin raga.

Abin da Cajal ya gano

A 1887 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Luis Simarro ya nuna wa Cajal samfuran da aka rina da dabarar Golgi a Madrid. Cajal ya koma ya gyara ta. Ya riƙa maimaita jiƙon sau biyu, yana yanka naman da ɗan kauri don a iya bin zare mai tsawo. Ya kuma zaɓi yin aiki da 'yan tayin kaji da jariran dabbobi, domin a wannan matakin ƙwayoyin ba su yi cunkoso ba, kuma kitsen da ke naɗe zaruruwan jijiya, wanda ake kira mayelin, bai riga ya samu ba balle ya hana rini shiga.

A watan Mayun 1888 ya fara buga mujallarsa da kuɗin aljihunsa, kuma maƙalarsa ta farko a ciki ta yi bayani ne a kan ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya a jikin tsuntsaye. Daga wannan aiki da waɗanda suka biyo baya ya fito da hoton niyuron kamar yadda ake koyar da shi a yau. Kowace niyuron tana da jiki mai ɗauke da cibiyar ƙwayar, da rassa gajeru masu yawa da ake kira dendirait, da kuma zare guda mai tsawo da ake kira akson. Cajal ya ga cewa ƙarshen akson yana zuwa ne ya tsaya a jikin wata ƙwaya ko a kan rassanta. A ƙaramar ƙwaƙwalwa ya ga wasu zaruruwa sun kewaye jikin manyan ƙwayoyin Purkinje kamar kwando, wasu kuma suna bin rassansu kamar yadda tsiro mai yaɗo ke hawa itace, amma ko'ina taɓawa ce kawai, babu narkewa cikin juna. Shi ne kuma ya fara bayyana ƙananan tsirai masu kama da ƙaya da ke kan dendirait, waɗanda wasu masana a lokacin suka ɗauka dattin rini ne.

A 1890 ya gano cewa bakin akson mai girma a lakar ɗan tayin kaza yana da wani kumburi, wanda shi ke jan zaren zuwa inda zai sauka. Bayan shekara biyu ya kawo shawarar cewa wasu sinadarai ne da ƙwayoyin da ake nufa ke fitarwa suke yi masa jagora. A 1891 ya bayyana ƙa'idar alkiblar saƙo: saƙo yana shiga ta dendirait, ya bi ta jikin ƙwaya, ya fita ta akson. Ya kai ga wannan ne ta nazarin tantanin gani na cikin ido da sashen jin ƙamshi, inda aka riga aka san cewa saƙo daga waje yake zuwa ya nufi ƙwaƙwalwa. Shi ya sa yake sa ƙananan kibiyoyi a zanensa. A shekarar ce kuma Wilhelm Waldeyer ya yaɗa kalmar niyuron, sannan a 1897 Charles Sherrington na Ingila ya raɗa wa mahaɗar ƙwayoyin biyu suna sinaps.

Taron Berlin da samun karɓuwa

Masanan Turai kaɗan ne ke karanta Sifaniyanci, don haka aikin Cajal bai sami masu kula ba da farko. A watan Oktoban 1889 ya biya wa kansa kuɗin tafiya zuwa taron ƙungiyar masana sassan jiki ta Jamus a Berlin, ɗauke da madubinsa da samfuransa. A can ya shawo kan Albert von Kölliker na Jami'ar Würzburg, wanda yake cikin manyan masanan fannin, ya duba da idonsa. Kölliker ya gamsu, ya maimaita gwaje-gwajen ya tabbatar da su, ya kuma yaɗa sunan Cajal a Jamus.

A 1892 Cajal ya koma Jami'ar Madrid, inda ya zauna har ya yi ritaya a 1922. A 1894 ƙungiyar masana kimiyya ta Royal Society ta gayyace shi Landan ya gabatar da lacca. A ciki ya kawo ra'ayin cewa koyo da horar da tunani ba sa ƙara yawan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa, sai dai suna ƙara rassa da alaƙa tsakanin ƙwayoyin da ake da su. Tsakanin 1899 da 1904 ya wallafa babban littafinsa, Textura del sistema nervioso del hombre y de los vertebrados, wanda aka fitar da faɗaɗɗiyar fassararsa ta Faransanci a 1909 da 1911. Ya kuma gano wasu ƙwayoyi a bangon hanji da a yau ke ɗauke da sunansa, waɗanda daga baya aka gane su ne ke daidaita motsin hanji.

Kyautar Nobel

Kafin Nobel ya sami kyautar Moscow a 1900 da lambar Helmholtz ta Jamus a 1905. A 1906 aka raba kyautar Nobel tsakaninsa da Golgi saboda aikinsu a kan ginin tsarin jijiyoyi. A Stockholm ne suka fara haɗuwa ido da ido. Golgi ya yi amfani da laccarsa wajen sukar ra'ayin niyuron da kare ra'ayin raga, washegari kuma Cajal ya gabatar da hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya. Saɓanin bai warware ba har Golgi ya rasu a 1926.

Ɗalibansa da hidimar ƙasa

Daga 1907 har ƙarshen rayuwarsa Cajal ya shugabanci hukumar da ke tura matasan Sifaniya ƙaro ilimi a ƙasashen waje. An yi masa tayin muƙamin ministan ilimi a 1906 amma ya ƙi karɓa. Cikin waɗanda suka yi aiki a ƙarƙashinsa akwai Jorge Francisco Tello, Nicolás Achúcarro, Fernando de Castro, Rafael Lorente de Nó da Pío del Río Hortega, wanda ya bayyana nau'i biyu na ƙwayoyin da ke tallafa wa niyuron. A 1913 da 1914 ya wallafa littafi a kan lalacewa da sake tsirowar jijiyoyi, inda ya nuna cewa jijiyar da aka yanke a gaɓa tana sake tsirowa daga ɓangaren da ke haɗe da jikin ƙwaya, amma a ƙwaƙwalwa da laka tsirowar ba ta zuwa ko'ina. A 1920 gwamnati ta ba da umarnin kafa Cibiyar Cajal a Madrid, wadda har yanzu take bincike.

Iyali da rasuwa

Ya auri Silveria Fañanás García a 1879, suka haifi 'ya'ya bakwai. Matar ta rasu a 1930. Ƙanensa Pedro Ramón y Cajal shi ma likita ne mai binciken jijiyoyi. Ban da kimiyya, Cajal ya ƙware a ɗaukar hoto, har ya rubuta littafi a kan hoto mai launi a 1912. Ya kuma rubuta tarihin rayuwarsa, da gajerun labarai, da littafin nasiha ga matasa masu bincike. A 1933 ya sake tattara hujjojinsa a kan zaman kan niyuron a rubutu guda. Ya rasu a Madrid yana da shekara 82, aka binne shi a maƙabartar Almudena.

Bayan rasuwarsa

Madubin zamanin Cajal bai kai ƙarfin nuna tazarar da ke tsakanin niyuron biyu ba. Sai a tsakiyar shekarun 1950, da madubi mai aiki da ilektiron, masana irin su George Palade, Sanford Palay da Eduardo De Robertis suka ga tazarar, wadda faɗinta ya kai kimanin nanomita 20, suka kuma ga ƙananan jakunkunan sinadaran da ke ɗaukar saƙo su tsallaka ta. Wannan ya tabbatar da ra'ayinsa. Bincike ya kuma yi wa ƙa'idojinsa gyara a wasu wurare: akwai mahaɗai da lantarki ke wucewa kai tsaye daga ƙwaya zuwa ƙwaya, kuma tun shekarun 1960 aka ga alamar cewa wasu sassan ƙwaƙwalwar manyan dabbobi suna samar da sababbin niyuron.

A yau an ƙiyasta cewa ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da niyuron kimanin biliyan 86. Har yanzu ana sa zane-zanen Cajal a littattafan koyar da likitanci, kuma a 2017 hukumar UNESCO ta shigar da takardunsa da na ɗalibansa cikin kundin kayan tarihin duniya da ya wajaba a adana. Wani babban asibiti a Madrid yana ɗauke da sunansa.