Abubakar Tafawa Balewa da gwamnatin haɗin kan ƙasa ta 1957

An haifi Abubakar Tafawa Balewa a lardin Bauchi a 1912, ya yi karatu a Kwalejin Katsina, kuma ya koyar kafin ya shiga siyasa.

Da aka naɗa shi Firayim Ministan Najeriya na farko a watan Agustan 1957, ana shirin karɓar mulki daga Turawan Ingila, sai ya ga bai kamata shugabanni su tunkari 'yancin kai kawunansu a rabe ba.

Don haka ya jawo jam'iyyar AG cikin gwamnatin NPC da NCNC. Samuel Akintola ya zama ministan sadarwa, Ayo Rosiji na lafiya, inda suka zauna majalisa ɗaya da Muhammadu Ribadu da Festus Okotie-Eboh.

Sai dai tafiyar ba ta yi nisa ba. Bayan zaɓen Disambar 1959, NPC da NCNC suka kafa gwamnati, AG kuwa ta koma adawa ƙarƙashin Obafemi Awolowo.

An kashe Balewa a juyin mulkin Janairun 1966, aka kuma binne shi a Bauchi.