Fidel Pagés: Likitan Soja da Ya Share Fagen Allurar Rage Zafin Naƙuda

Wataƙila kin taɓa jin labarin allurar da ake yi wa mai naƙuda a gadon baya don rage mata zafi, wadda likitoci ke kira efidural. Mutumin da ya fara bayyana yadda ake yin ta a ƙugu shi ne Fidel Pagés, likitan tiyata a rundunar sojan Sifaniya.

An haife shi a garin Huesca a 1886. Ya kammala karatun likitanci a Jami'ar Zaragoza a 1908, ya shiga soja, aka tura shi Melilla da ke gaɓar teku a arewacin Afirka, inda ya yi ta yi wa sojojin da suka jikkata aiki. A wancan zamani, ko dai a sa majinyaci barci gaba ɗaya, ko a zuba magani cikin ruwan da ke kewaye da laka, kuma kowanne da haɗarinsa.

Dabarar Pagés ita ce ya tsayar da allura kafin ta huda tantanin da ya lulluɓe laka, ya zuba maganin a ɗan sararin da ke wajensa. Sai sashen da za a yi wa aiki ya mutu, majinyaci kuwa yana farke. A 1921 ya wallafa sakamakon tiyata 43 da ya yi ta wannan hanya. Ki lura, tun a lokacin haɗi ya yi: nobokain mai kashe zafi, da adirenalin mai tsuke jijiyoyin jini don maganin ya daɗe yana aiki.

Bai ga amfanin aikinsa ya bazu ba. Ya rasu a haɗarin mota kusa da Burgos a watan Satumba na 1923, yana ɗan shekara 37. Ba a fassara rubutunsa ba, sai aka manta da shi. A 1931 likitan Italiya Achille Dogliotti ya sake bayyana dabarar, daga baya Alberto Gutiérrez na Ajantina ya tunatar da duniya cewa Pagés ne ya riga shi.

Yau ana barin siririyar roba a wannan sarari don a riƙa ƙara magani har a haihu. Galibi ana haɗa bufibaken ko rofibaken da ɗan fentanil ko sufentanil. Haɗin yana sa a rage ƙarfin maganin farko, don kada ƙafafunki su yi nauyi sosai kuma ki iya yunƙuri. Amma jininki na iya sauka, fentanil na iya sa ƙaiƙayi, wani lokaci ciwon kai ya biyo baya.

Idan kina da juna biyu, ki tambaya tun a wajen awo ko asibitinku na yin allurar da kuma irin haɗin da suke amfani da shi. Ki sanar da likita idan kina shan maganin tsinka jini ko jininki ba ya saurin tsayawa.