Babe Didrikson Zaharias, ɗiyar kafinta da ta buɗe wa mata filin golf

A ƙasar Amurka, ƙananan jami'o'i da yawa waɗanda ɗalibansu ba su wuce dubu biyu ko uku ba suna da ƙungiyar ƴan mata masu wasan golf da sunan makaranta. Ana ba su mai horarwa, ana ɗaukar su a mota zuwa gasa, a ƙarshen shekara kuma waɗanda suka yi fice su je gasar ƙasa. Shekaru ɗari da suka wuce babu ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa. Daga cikin matan da suka sha wahalar buɗe wannan hanya, babu wadda sunanta ya kai na Mildred Didrikson, wadda duniya ta sani da laƙabin Babe, ko da yake ita kanta ba ta taɓa zama bisa bencin jami'a ba.

Kafin a shiga labarinta, ya kamata mai karatu ya san yadda wasan yake. Golf wasa ne da ake yi cikin wani makeken fili mai ciyawa, inda aka haƙa ƙananan ramu 18 nesa da juna. Ɗan wasa yana bugun wata ƴar ƙwallo mai tauri da sanda mai kan ƙarfe ko na itace, yana bin ta daga rami zuwa rami. Wanda ya gama zagayen da bugu mafi kaɗan shi ne ya ci. Sanduna da tsada, shiga fili da tsada, shi ya sa tun farko wasan ya zauna a hannun masu hali.

An haifi Mildred ran 26 ga watan Yuni na shekara ta 1911 a garin Port Arthur, cikin jihar Texas. Iyayenta, Ole da Hannah, baƙi ne da suka zo daga ƙasar Norwe neman abinci. Uban kafinta ne, ya kuma yi aikin jirgin ruwa. Ita ce ta shida cikin ɗiya bakwai. Tana ƙarama iyalin suka ƙaura zuwa garin Beaumont, suka zauna a unguwar talakawa. A can ta tashi tana gudu da tsalle-tsallen shingayen maƙwabta, tana ƙwallo tare da yara maza. Ta kuma koyi ɗinki, har daga baya ita ke ɗinka wasu tufafin da take wasa da su.

A makarantar sakandare ta yi suna wajen ƙwallon kwando. A shekara ta 1930 wani kamfanin inshora na birnin Dallas ya ɗauke ta aikin ofis domin ta riƙa buga wa ƙungiyarsa. A zamanin nan, yarinyar da ke son gasa ta gaske sai dai ta bi ta irin wannan ƙofa, domin malaman motsa jiki na jami'o'i da yawa suna ganin gasa mai zafi ba ta dace da mace ba. A 1931 ƙungiyar kamfanin ta ci gasar ƙasa ta ƙwallon kwando.

Abin da ya fito da ita sarari ya faru a watan Yuli na 1932, a garin Evanston kusa da Chicago, wurin gasar guje-guje da tsalle-tsalle ta matan Amurka. Kamfanin ya aika ta ita kaɗai a matsayin ƙungiya sukutum. Cikin yini guda ta shiga wasanni takwas, ta ci biyar, ta yi kunnen doki a na shida. Ta tara maki 30, alhali ƙungiyar da ta zo ta biyu, mai mata sama da ashirin, maki 22 ta samu.

Makonni kaɗan bayan haka aka buɗe wasannin Olamfik a Los Angeles. Doka ta hana mace shiga fiye da wasa uku. Babe ta ci lambar zinariya a jifan mashi da jifa da ta wuce mita 43, ta ci wata zinariyar a gudun mita 80 na tsallake shinge cikin daƙiƙa 11,7. A tsallen sama ita da ƴar ƙasarsu Jean Shiley suka ƙetare tsawo ɗaya, amma alƙalai suka yanke cewa kanta ya riga jikinta wucewa, abin da dokar lokacin ta hana. Sai aka ba ta azurfa.

Suna ya samu, abinci bai samu ba. Babu wata sana'ar wasa da mace za ta rayu da ita, saboda haka ta yi ta yawon nuna bajinta a gidajen kallo da filayen ƙwallo don ta ciyar da kanta da iyayenta. Wasu ƴan jarida kuma suka sa ta gaba da ba'a, suna cewa kamanninta da halinta na maza ne. Ita ma ba ta da sauƙin baki. Tana yabon kanta a gaban kowa, kuma wannan ya sa abokan wasanta da dama ba su ƙaunarta.

Cikin wannan hali ne ta juya ga golf. Ta kan wuni tana bugun ƙwallo ɗaruruwa har tafin hannunta ya fashe, ta ɗaure shi ta ci gaba. A 1935 ta ci gasar matan jihar Texas a birnin Houston. Murnar ba ta daɗe ba. A golf akwai masu wasa don sha'awa, akwai masu wasa don kuɗi, kuma a lokacin kusan dukkan manyan gasannin mata na kashin farko ne. Hukumar golf ta Amurka ta yanke cewa tun da ta taɓa cin kuɗi da wasa, ba ta da wuri a cikinsu. Ɗiyar kafinta ta rasa gasar da za ta shiga, sai zagayen nuna wasa da ta yi tare da shahararren ɗan golf Gene Sarazen.

A watan Janairu na 1938 ta shiga gasar maza ta Los Angeles. Ba ta yi nisa ba, amma a filin ta haɗu da George Zaharias, ɗan kokowa mai asali daga Girka. Suka yi aure a watan Disamba na shekarar. Da yake mijin yana da abin hannu, ta iya haƙura da karɓar ko sisin kwabo daga wasa har shekara uku, kamar yadda hukuma ta shar'anta, kuma a 1943 aka mayar mata da izinin shiga gasar masu sha'awa.

Daga nan sai nasara bisa nasara. A 1945 ta sake shiga gasannin maza, ta tsallake matakin tankaɗe a Los Angeles da Phoenix da Tucson. A 1946 ta ci gasar ƙasa ta matan Amurka, kuma tsakanin wannan shekara da mai bi mata ta ci gasa fiye da goma a jere. Ɗaya daga cikinsu ta ƴan biyu-biyu ce, inda ta haɗa hannu da Peggy Kirk, wadda ta yi karatu a Rollins, wata ƙaramar jami'a ta jihar Florida da ta ba ƴan mata damar golf tun da wuri. A 1947 ta je Gullane, a ƙasar Sikotlan, ta zama mace ta farko daga Amurka da ta ci gasar matan Birtaniya.

A wannan shekara ta koma wasa don kuɗi, wannan karo da zaɓin kanta. Matsalar dai tana nan: gasannin da ke biyan mata ba su taka kara sun karya ba. A 1950 ita da wasu mata goma sha biyu, cikinsu har da Patty Berg da Louise Suggs, suka kafa ƙungiyar mata masu sana'ar golf, wadda aka sani da LPGA. Su ke tuƙa motocinsu daga gari zuwa gari, su ke shirya fili, su ke neman masu ba da kuɗi. Sunan Babe ne ke jawo ƴan kallo, ta kuwa san da haka, har takan nemi a biya ta fiye da saura, abin da ya jawo tsegumi tsakaninsu. Duk da haka ƙungiyar ta tsaya da ƙafarta, kuma tana nan har yau.

A watan Afrilu na 1953 likitoci suka gano tana da cutar sankara a hanji. Aka yi mata babbar fiɗa, aka buɗe mata wata hanyar bayan gida ta gefen ciki. Mutane da yawa suka ɗauka wasa ya ƙare mata. Kafin wata huɗu ta koma gasa. A 1954, a jihar Massachusetts, ta ci babbar gasar matan Amurka karo na uku, bayan na 1948 da na 1950, ta bar wadda ke bi mata da tazarar bugu 12. A zamanin da ake ɓoye wannan cuta kamar abin kunya, ita ta fito fili ta yi maganarta, ta taimaka wajen tara kuɗin yaƙi da ita. Cutar ta dawo a 1955. Ta rasu ran 27 ga watan Satumba na 1956 a asibitin garin Galveston, tana da shekara 45. Ta bar nasara 41 a littafin LPGA, goma daga cikinsu manyan gasanni. Sau shida kamfanin labarai na Associated Press ya zaɓe ta gwarzuwar shekara cikin mata masu wasanni.

Ƙofar makarantu ta fi jinkirin buɗewa. An yi gasar golf ta farko tsakanin ɗalibai mata na jami'o'in ƙasar a 1941, a jami'ar jihar Ohio, bisa ƙoƙarin wata malama, Gladys Palmer, duk da adawar ƴan uwanta malamai. Sai a 1972, shekara goma sha shida bayan rasuwar Babe, aka kafa dokar da ake kira Title IX, wadda ta hana bambanta mace da namiji a duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. A 1982 babbar ƙungiyar wasannin jami'o'i, NCAA, ta fara shirya gasar golf ta mata, kuma tun shekara ta 2000 rukuni na uku, inda yawancin ƙananan jami'o'i suke, ya samu gasarsa ta kansa. A wannan rukuni ba a ba ɗaliba tallafin karatu saboda wasa. Da safe tana aji, da yamma tana fili, kuma ba sai ta bar makaranta ba kamar yadda Babe ta yi a 1930.

A garin Beaumont, inda aka binne ta, an gina wani ɗan gidan tarihi da sunanta, an ajiye kofuna da lambobin da ta ci. A 2021 gwamnatin Amurka ta ba ta lambar yabo mafi girma da ake bai wa farar hula, shekara 65 bayan rasuwarta.