Abubakar Tafawa Ɓalewa: Shekara ɗaya a Jami'ar Landan da ta sauya hedimastan Midil ta Bauchi

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar naira biyar ya san fuskarsa. Sai dai ba kowa ya san cewa Firaministan Najeriya na farko, wanda daga shi ba a sake yin wani ba, bai yi digiri ba. Iyakar zamansa a jami'a shekara ɗaya ce, daga 1945 zuwa 1946, a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan.

Ya je can yana da shekara 32, magidanci, kuma hedimastan makarantar Midil ta Bauchi. Takardar shaidar koyarwa kawai aka tura shi ya samo, ya kuma samo ta. Amma bayan ya dawo bai ƙara zama malamin aji irin na da ba.

Ɗan talaka a Kwalejin Katsina

An haifi Abubakar a watan Disamban 1912 a garin Tafawa Ɓalewa da ke ƙasar Bauchi. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, yana cikin masu yi wa hakimin Lere hidima, ba ɗan sarauta ba ne. Wannan asali ya bi Abubakar har ƙarshen rayuwarsa, domin a Arewa ta wancan zamani ana fara tambayar ɗan wane ne kafin a tambayi me ya sani.

Ya yi makarantar allo, ya yi boko a garinsu da kuma Bauchi, sannan a 1928 ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina, inda Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, yake gabansa da aji. Ya gama a 1933 ya koma Bauchi yana koyarwa.

A wannan tsakani ne Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta littattafan hira da Hausa, gasar da ta fito da Ruwan Bagaja da Ganɗoki. Abubakar ya shiga da Shaihu Umar, labarin yaron da aka sace, aka ƙetara hamada da shi, ya yi karatu a ƙasar Larabawa, ya dawo gida babban malami. Wato tun kafin ya taka wata ƙasa ya riga ya rubuta labarin wanda ilimi ya same shi a baƙon wuri.

A farkon shekarun 1940 Bauchi ta zama matattarar 'yan boko masu baki. Sa'adu Zungur yana nan, Aminu Kano kuma yana koyarwa a Midil ɗin da Abubakar ke shugabanta. Suna da majalisar taɗi inda ake muhawara kan al'amuran mulki, wadda hukuma ta rufe da tambayoyin suka fara taɓa sarakuna. A cikin mutanen uku, Abubakar ne mai sanyin magana.

Me ya sa sai Landan?

A 1945 babu jami'a ko ɗaya a Najeriya. Kwalejin Jami'a ta Ibadan sai a 1948 aka buɗe ta. 'Yan Kudu sun daɗe suna tafiya Ingila da Amurka, wasu da kuɗin iyayensu, wasu da karo-karon garinsu. A Arewa kuwa waɗanda suka yi karatu a Turai ba su cika yatsun hannu ba, irin su Dokta R.A.B. Dikko na Wusasa da ya karanta likitanci a Birmingham.

Turawan mulki da kansu ne suka daɗe suna hana abin, don gudun kada boko mai zurfi ya ɓata musu tsarin mulki ta hannun sarakuna. Yaƙin Duniya na Biyu ya tilasta musu sake lissafi. Dokar raya ƙasashen mallaka ta 1945 ta ware fam miliyan 120 na shekara goma, kuma ana shirin buɗe majalisun dokoki a Kaduna da Ibadan da Enugu. Ana bukatar 'yan Arewa da za su iya zama teburi ɗaya da lauyoyin Legas. Sai aka fara zaɓar ƙwararrun malaman makaranta ana tura su kwas na shekara guda, kuma Abubakar yana cikin rukunin farko.

Cibiyar da aka tura su tana unguwar Bloomsbury, tana kuma da sashe na musamman na malamai daga ƙasashen da Birtaniya ke mulka. Shugabar sashen a lokacin ita ce Margaret Read, masaniyar al'adun jama'a wadda ta yi bincike a Nyasaland, wato Malawi ta yau, ta kuma zauna a kwamitin Elliot da rahotonsa ya kai ga kafa jami'ar Ibadan.

Ingilar da ya tarar

Ɗan Arewa na wancan lokaci bai san Bature ba sai a matsayin Razdan ko Di'o, mutumin da ake tuɓe wa takalmi, ana zube masa ana cewa zaki. Ingilar 1945 ba ta yi kama da wannan hoto ba ko kaɗan.

Ƙasa ce da ta ci yaƙi amma ta fito a galabaice. Unguwanni da dama na Landan kufai ne saboda bama-baman Jamus. Nama da sukari da man shanu da tufafi duk da katin rabo ake sayensu, a watan Yulin 1946 ma har burodi ya shiga cikin rabon. Bature ne ke sharar titi, Bature ne ɗan dako a tasha, kuma mai kuɗi da talaka layi ɗaya suke bi.

Sannan ga siyasa. A watan Yulin 1945 masu jefa ƙuri'a suka kayar da Winston Churchill, mutumin da ya jagorance su a yaƙi, suka ba jam'iyyar Leba ta Clement Attlee mulki. Churchill ya tattara kayansa ya koma kujerar adawa, ba a kama kowa ba, ba a kori kowa daga gari ba. Ga wanda ya tashi a ƙasar da sarki ke mulki har mutuwa sai fa in Gwamna ya tuɓe shi, wannan ba ƙaramin darasi ba ne.

Ko a fannin da ya je karanta, abubuwa na motsi. Dokar ilimi ta 1944 ta fara aiki, wadda ta mayar da karatun sakandare kyauta ga kowane yaro a Ingila. A daidai lokacin, makarantar sakandare ta gwamnati a duk faɗin Arewa ita ce dai kwalejin da ya gama, wadda aka mayar Kaduna a 1938.

Landan ta lokacin cike take da 'yan Afirka masu neman 'yanci. Kwame Nkrumah ya iso a 1945, ya kuma taimaka wajen shirya babban taron baƙar fata na Manchester a watan Oktoba. Obafemi Awolowo yana can yana karatun lauya, a can ne ma ya kafa ƙungiyar Egbe Omo Oduduwa. Abubakar bai dawo da irin zafinsu ba. Abin da ya fi kama zuciyarsa shi ne zaman talakan Ingila da hukuma.

Shekaru bayan haka ya bayyana cewa ya dawo gida da wasu idanu daban, saboda ya ga mutanen da ke rayuwa babu tsoro, waɗanda bin doka ya zame musu jiki, kuma kowannensu ya san 'yancinsa. Maganar tsoro ita ce mai nauyi a nan. Wanda ya girma a gidan baran hakimi ya san yadda gaban talaka ke faɗuwa idan ya hango dogari.

Ƙudurin da ya girgiza sarakuna

Da ya dawo a 1946 aka ba shi aikin kula da makarantu a En'e ta Bauchi, ba da jimawa ba kuma aka tura shi Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna, daga nan zuwa Majalisar Legas a 1947.

A watan Agustan 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya gabatar da ƙudurin neman a kafa kwamiti mai zaman kansa ya binciki tsarin En'e baki ɗaya. Ya soki dokar da ta ba sarki shi kaɗai iko ba tare da dole ya bi shawarar majalisarsa ba, yana mai nuna cewa wannan tsari na Turawa ne, ba gadon gargajiya ba. Ya taɓo cin hanci, ya kuma yi ƙorafin cewa talaka ba shi da ta cewa a mulkin da ake yi da harajinsa. Ya jaddada cewa gyara yake nema, ba rushewa ba.

Duk da haka fadoji da yawa ba su ji daɗi ba, domin ba a saba jin ma'aikacin En'e, ɗan talaka kuma, yana faɗin haka a bainar jama'a ba. Ƙudurin ya wuce da kyar. Gwamnati ta sa aka yi binciken, kuma gyare-gyaren da suka biyo baya, har zuwa dokar En'e ta 1954, suka ɗaure sarki da majalisarsa.

A nan ne ake ganin bambancinsa da Aminu Kano. Shi ma ya je wannan cibiya a 1946, shekara guda bayan hedimastansa, ya sha mugun sanyin farkon 1947, ya kuma shaƙu da 'yan gurguzu na jam'iyyar Leba. A watan da Abubakar ya kawo ƙudurinsa aka kafa NEPU a Kano, kafin shekarar ta ƙare kuma Aminu ya ajiye aikin koyarwa ya shiga cikinta. Makaranta ɗaya, gari ɗaya, ciwo ɗaya suka gano, amma ɗaya ya zaɓi magani daga cikin gida, ya zama mataimakin Sardauna a NPC, ɗayan ya zaɓi fito-na-fito.

Landan ba ta sa ya yarda da Najeriya ba

Wani abu da zaman Ingila bai ba shi ba shi ne imani da ƙasa ɗaya. A majalisar Legas a 1947 ya fito fili ya ce tun haɗewar 1914 Najeriya a takarda kawai take ƙasa guda. Tsoronsa shi ne idan Turawa suka tafi da wuri, 'yan Kudu masu takardun boko za su mamaye ofisoshin Arewa.

Wata tafiya ce daban ta sauya masa ra'ayi. A 1955, yana ministan sufuri, ya je Amurka duba yadda ake jigilar kaya a kogunan Mississippi da Ohio, don a gwada a Kwara da Binuwai. Ganin mutane masu asali daban-daban sun zama al'umma ɗaya ya sa ya rubuto wa wani abokinsa cewa daga ranar shi ɗan Najeriya ne kawai. A 1957 ya zama Firaminista, shi ne kuma ya karɓi takardun 'yancin kai ranar 1 ga Oktoban 1960.

Masu sukarsa sun ce ƙaunar Ingila ta yi masa yawa. Sarauniya ta ba shi lambar Sir a 1960, kuma yarjejeniyar tsaro da gwamnatinsa ta ƙulla da Birtaniya ta jawo zanga-zangar ɗaliban jami'a har aka soke ta a watan Janairun 1962. Zargin yana da tushe, amma bai cika ba. Gwamnatinsa ce ta kori jakadan Faransa a 1961 saboda gwajin makamin nukiliya a Sahara, yana kuma cikin shugabannin da suka matsa har Afirka ta Kudu mai wariyar launin fata ta fice daga Commonwealth a shekarar.

A zamaninsa aka buɗe jami'o'in Nsukka da Zariya da Ife da Legas. Da Ibadan ta daina zama reshen Jami'ar Landan ta tsaya da ƙafarta, shi aka naɗa uban jami'ar na farko, mutumin da ba shi da digirin farko.

Inda abin ya gagara

Zaman da babu tsoro, wanda ya yaba a Ingila, bai samu ba a ƙasar da ya mulka. A Arewa, 'yan NEPU sun ci gaba da shan ɗauri a kotunan alƙalai da gidajen yarin En'e. A 1962 gwamnatinsa ta kafa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, a 1963 aka yanke wa Awolowo ɗaurin shekara 10. An tura sojoji ƙasar Tibi a 1964. Zaɓen tarayya na ƙarshen wannan shekara ya zo da ƙauracewa da zargin maguɗi.

Mafi muni shi ne zaɓen Jihar Yamma na Oktoban 1965. Bayan an bayyana cewa ɓangaren Akintola, abokin ƙawancen NPC, ya ci, aka shiga ƙone-ƙone da kashe-kashe na tsawon watanni. Firaministan da ya kafa dokar ta-ɓaci a kan rikicin da bai kai wannan ba, a wannan karo bai kafa ba. Ko masu ƙaunarsa suna shan wuyar kare wannan shiru.

A ranakun 11 da 12 ga Janairun 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin Commonwealth a Legas kan rikicin Rodeshiya, karo na farko da aka yi irin wannan taro a wajen Landan. Firaministan Birtaniya Harold Wilson yana cikin mahalarta.

Kafin asubahin 15 ga watan, cikin azumin Ramadan, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa. A daren ne aka kashe Sardauna a Kaduna da Akintola a Ibadan. Bayan kwana shida aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abeokuta, aka kai ta Bauchi aka binne. Yana da shekara 53.