Otto Jespersen, Baƙon Da Ya Tsara Nahawun Ingilishi

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa a wata makarantar firamare, wani yaro ɗan aji biyar ya yi mini tambayar da ta ɗaure mini kai. Na rubuta kalmar time a allo, sai ya ɗaga hannu ya tambaye ni dalilin da ya sa ake rubuta wasalin i amma a faɗe shi kamar ai. Na gaya masa haka Turawa ke faɗa, ya zauna. Ya zauna kuwa, amma ni na san ban ba shi amsa ba. Da muka komo kwaleji na kai wa malaminmu na Ingilishi maganar, shi ne ya nuna mini littattafan wani mutum wai shi Otto Jespersen. Labarinsa nake so in ba ku.

Abin da ya fara ba ni mamaki, mutumin nan ba Baturen Ingila ba ne. An haife shi a garin Randers cikin ƙasar Danmak a 1860, Ingilishi kuwa koyonsa ya yi, kamar ni da ku. Ubansa alƙali ne, ya mutu yaron yana da shekara 10. A 1877 ya shiga Jami'ar Kopenhagen don ya karanta shari'a, amma zuciyarsa ba ta can. Yana karatu yana aikin rubuta jawaban wakilai a majalisar ƙasarsu da irin rubutun nan na sauri, don ya sami na abinci. Ni a ganina nan kunnensa ya gwanance da jin yadda mutane ke magana. A 1881 ya bar shari'a ya koma ilmin harsuna. Bayan ya gama a 1887 ya tafi Ingila da Jamus da Faransa, ya sadu da manyan masana furuci, irin su Henry Sweet da Paul Passy. A 1893 aka naɗa shi shehun malamin Ingilishi a jami'arsu, bai bar kujerar ba sai 1925.

To, ga amsar yaron nan. Jespersen ya bayyana cewa daga wajen shekarar 1400 zuwa wajen 1700 dogayen wasulan Ingilishi suka gusa daga wurarensu a baki, ɗaya na bin ɗaya. A zamanin mawaƙinsu Chaucer, wasalin time dogon i ne, kamar na kalmarmu kifi. Na house dogon u ne, kamar na kura. Na name kuwa dogon a ne, kamar na rana. Ana cikin wannan sauyi sai William Caxton ya kawo injin ɗab'i Ingila a 1476, sannu a hankali rubutu ya tsaya wuri ɗaya, baki ya wuce ya bar shi. Jespersen ne ya raɗa wa abin sunan da ake kiransa har yau, watau babban gushin wasula. Ashe yaron nan da ya so ya karanta i a matsayin i bai yi wauta ba, tsohon furuci ya kama.

Amma babban aikinsa kan nahawu ne. A zamaninsa ana koyar da nahawun Ingilishi ne bisa tsarin Latin, a ɗauki rigar wani a ce lalle sai ta yi wa wani daidai. Shi ya ƙi. Ya yi ta karanta littattafan Ingilishi, tun daga na da har na zamaninsa, yana kwafe jimloli a 'yan guntayen takardu yana tarawa, sa'an nan ya fitar da ƙa'ida daga abin da ya tarar. Ta haka ya nuna cewa aikatau na Ingilishi lokaci biyu kaɗai yake nunawa a jikinsa, na yanzu da wanda ya wuce, kamar walk da walked. Na gaba kuwa sai an kawo wata kalma ta taimaka, irin will.

Ya kuma ce kalmomi a cikin magana hawa uku suke. A very old man, man ita ce uwar gida, old tana bayyana ta, very kuwa tana bayyana old. Amfanin wannan shi ne, matsayin kalma daga aikin da take yi ne a wurin. Kalmar school suna ce, amma a school bag ta sauka hawa na biyu, tana yi wa bag hidima. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ana gardama ko school a nan suna ce ko sifa, ya san darajar wannan bayani.

Littafinsa da ya fi shafarmu, mu masu shirin koyarwa, shi ne How to Teach a Foreign Language, wanda ya fito da Ingilishi a 1904. A ciki ya soki sa yara haddar ƙa'idodi da fassara jimlolin da ba su da haɗi da juna. Ya fi son yaro ya fara jin harshen da kunnensa, ya faɗe shi da bakinsa, ya karanta labari mai ma'ana, ƙa'ida ta biyo baya. A 1905 ya fitar da Growth and Structure of the English Language, inda ya ba da tarihin yadda harshen ya ari kalmomi daga mutanen Danmak da Nowe na da, da Faransanci bayan 1066, da Latin.

Ba zan ɓoye muku inda ya yi tuntuɓe ba. A littafinsa Language na 1922 akwai babi kan mata, inda ya ce kalmomin da suka sani ba su kai na maza yawa ba. Bai kawo ƙwaƙƙwarar hujja ba, masana na baya kuma sun yi watsi da maganar. Mutumin da ya hana a yanke wa Ingilishi hukunci ba tare da misali ba, sai ga shi ya yanke wa mata. Ya kuma ƙaga wani sabon harshe a 1928, Novial, don duniya ta riƙa magana da shi, amma bai sami karɓuwa ba.

Babban nahawunsa, A Modern English Grammar, juzu'i 7 ne. Na farko ya fito a 1909, a cikinsa ne bayanin wasulan nan yake. Jespersen ya mutu a Roskilde ran 30 ga Afrilu 1943, sojojin Jamus na riƙe da ƙasarsa, bai kai ga ganin na ƙarshe ba. Mataimakinsa Niels Haislund ne ya ƙarasa shi, aka buga a 1949.