Sardauna Ahmadu Bello: Daga Gusau Zuwa Gidan Rediyon Kaduna

A filinmu na tarihin magabata na wannan mako mun ɗauko mutumin da kowa ya san fuskarsa, ko da a jikin takardar naira 200 ne. Shi ne marigayi Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, Firimiyan Jihar Arewa na farko kuma na ƙarshe. Da yawa daga cikinmu ba su san cewa ya zauna a nan Gusau ya yi aiki na shekaru ba, kuma a nan ne ya gamu da jarrabawar da ta kusa ɓata masa suna tun kafin Nijeriya ta san shi. Tun da mu 'yan ƙungiyar 'yan jarida ne, za mu fi tsayawa a kan abubuwa biyu da suka shafe mu, wato gidan rediyon da ya kafa da jami'ar da ke ɗauke da sunansa.

An haife shi a garin Rabah a shekarar 1910. Mahaifinsa Ibrahim shi ne Sarkin Rabah, kakansa Sarkin Musulmi Atiku na Rabah, shi kuma ɗan Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Mahaifin ya rasu Ahmadu yana ƙaramin yaro. Ya fara da makarantar allo, daga nan aka kai shi makarantar boko a Sakkwato, sannan Kwalejin Horon Malamai ta Katsina daga 1926 zuwa 1931. Wannan kwaleji ita ce daga baya ta koma Kaduna, ta sake komawa Zariya, ta zama Kwalejin Barewa. A can ya haɗu da wani yaro ɗan Bauchi mai suna Abubakar Tafawa Ɓalewa.

Da ya ƙare, malanta ya fara. Ya koyar a Midil ta Sakkwato har 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya naɗa shi Sarkin Rabah yana ɗan shekara 24. A 1938 Sarkin Musulmi Hassan ya rasu. Ahmadu ya nemi gadon, amma Allah ya ba ɗan uwansa Abubakar na Uku. Sabon Sarkin Musulmi ya ba shi sarautar Sardauna, aka turo shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato, wato wannan shiyya tamu.

Gusau ta wancan lokaci gari ne mai tasowa. Jirgin ƙasa ya iso tun ƙarshen shekarun 1920, daga Zariya ta Funtuwa ya wuce Ƙauran Namoda, ga cinikin gyaɗa da auduga, ga baƙi daga kudu da sauran sassan Arewa. Duk mai mulki a irin wannan wuri dole ya iya sauraron mutane iri-iri, ya kuma san lissafin haraji. To, harajin ne ya jawo masa masifa. A 1943 aka zarge shi da cin kuɗin jangali, harajin da Fulani ke biya a kan shanunsu. Kotun Sarkin Musulmi ta same shi da laifi ta yanke masa ɗaurin shekara guda. Bai yarda ba, ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya, ita kuma ta wanke shi. Ku duba fa: jikan sarakuna, mai neman sarautar Sarkin Musulmi, yana tsaye gaban alƙali ana kiransa maci amana. Da ƙarar ba ta yi nasara ba, da wuya a ce yau muna rubuta tarihinsa. Shari'ar ta sa samarin Arewa masu ilimin boko suka san sunansa, da yawansu suka tausaya masa.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Ya koma majalisar Sarkin Musulmi, ya je Ingila a 1948 ya karanci sha'anin mulkin ƙananan hukumomi, ya shiga Majalisar Dokokin Arewa a 1949, ya zama minista a 1952, ya jagoranci jam'iyyar NPC, a 1954 kuma ya zama Firimiya. Arewa ta sami mulkin kai ran 15 ga Maris, 1959. Da aka zo kafa gwamnatin tarayya bai tafi Ikko ba, ya tsaya Kaduna, mataimakinsa a jam'iyya Tafawa Ɓalewa ya zama Firayim Minista.

Yanzu sai maganar rediyo. Turawan mulkin mallaka sun fara shigo da shirye-shiryen BBC cikin Nijeriya a shekarun 1930. Akwatin wancan zamani da waya ake jona shi daga tasha, kamar yadda ake jan wayar lantarki, kuma ba ka da zaɓi, abin da aka sako shi za ka ji. Sai a 1951 aka kafa hukumar rediyo ta ƙasa, ita ma a hannun gwamnatin Turawa take. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna da wakilan Arewa suka nemi a jinkirta har a shirya, domin a ganinsu Arewa ba ta da isassun masu ilimin da za su riƙe ofisoshi. Aka yi musu ihu a titunan Ikko, rikici ya ɓarke a Kano cikin Mayu. A cikin wannan taƙaddama ce Gwamna Macpherson ya hau rediyo ya soki jam'iyyar Awolowo, shi kuma Awolowo ya nemi a ba shi dama ya mayar da martani, aka hana shi. 'Yan siyasa suka gane cewa wanda ba ya da tasha ba ya da baki. Tsarin mulkin 1954 ya ba kowace jiha ikon buɗe tata. Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan a 1959, Gabas ta biyo baya a Inugu a 1960, Arewa kuma ta kafa kamfanin BCNN, wanda ya fara watsa shirye-shirye daga Kaduna a watan Maris na 1962, tare da haɗin gwiwar kamfanonin Granada da EMI na Ingila.

Me ya sa rediyo ta fi muhimmanci a Arewa? Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo tana fitowa tun 1939, amma jarida sai mai karatu, kuma sai mota ta kawo ta. Rediyo kuwa ba ruwanta da ko ka iya boko. Manomi a ƙauyen Bunguɗu da mai kiwo a dajin Tsafe da ɗan kasuwa a Gusau duk lokaci ɗaya za su ji labari, da Hausa, muddin akwai akwati da batir. Tashar tana amfani da gajeren zango, wanda igiyarsa ke tashi sama ta bugi wani ɓangare na sararin samaniya ta dawo ƙasa can nesa, shi ya sa ake kama Kaduna har Nijar da Gana da Kamaru. A shekarun da suka biyo baya gidan ya shahara da shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka da Jakar Magori da Shafa Labari Shuni da wasan Samanja. Ku tambayi kakanninku, za ku sha labari.

Amma ɗan jarida ba ya faɗin rabin gaskiya. Tashoshin jihohin nan uku duka bakin gwamnatocin da suka kafa su ne, ta Kaduna ma haka. 'Yan adawa irin su NEPU ta Malam Aminu Kano sun sha kukan danniya daga hukumomin En'e, kuma ba su da murya a rediyon kamar yadda NPC ke da ita. A ganinmu wannan tabo ne, domin hana mai adawa magana shi ne ainihin abin da ya sa jihohi suka nemi tashoshin kansu tun farko.

A cikin wannan shekara ta 1962, ran 4 ga Oktoba, aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, shi ne kuma uban jami'ar na farko. Jaridar New Nigerian ta fara fitowa ran 1 ga Janairu, 1966. Mako biyu kacal ya gani daga cikinta. Da asubahin 15 ga Janairu, cikin watan azumi, sojoji ƙarƙashin Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu suka afka wa gidansa suka kashe shi tare da uwargidansa Hafsatu. A wannan rana Nzeogwu ya shiga gidan rediyon Kaduna ya yi shelar juyin mulki. Tashar da Sardauna ya gina ba ta cika shekara huɗu ba, ita ce ta fara ɗaukar muryar wanda ya kashe shi. Allah ya jiƙansu da rahama. Wurin da gidan nasa yake shi ne yanzu Arewa House, cibiyar binciken tarihi ta jami'ar da ya kafa.

Gidan rediyon ya koma hannun gwamnatin tarayya a ƙarshen shekarun 1970, ya zama Rediyon Nijeriya na Kaduna. An daɗe ba wanda ke da ikon mallakar tasha sai gwamnati, har zuwa dokar 1992 wadda ta kafa hukumar NBC ta buɗe ƙofa ga masu zaman kansu. A Amurka kuwa, ɗaliban kwalejin Union da ke jihar New York sun watsa shirin kiɗa ta iska tun Oktoban 1920, lokacin Ahmadu yana ɗan shekara 10. A Nijeriya sai bayan shekara ta 2000 jami'o'i suka fara samun lasisi, Jami'ar Legas ce ta fara da tasharta a kan mita 103.1. Yanzu Jami'ar Bayero ta Kano tana da tata a kan 98.9, Jami'ar Ahmadu Bello kuma a kan 101.1.

Irin wannan tasha ta sha bamban da wadda Sardauna ya sani. Zangon FM take amfani da shi, igiyarsa a miƙe take tafiya, na'urar kuma ba ta da ƙarfi sosai, saboda haka ba ta wuce harabar jami'a da garuruwan da ke kewaye. Ɗaliban sashen koyon aikin jarida ne ke koyon aiki a cikinta ƙarƙashin kulawar malamansu: su fita neman labari, su tace shi, su karanta, su yi hira da malami ko manomi, su zauna gaban na'urori. Ɗan wannan makaranta da ya sami shiga Zariya ko Kano zai iya neman a sa shi cikin masu gabatar da shiri, kuma abin da za a fara dubawa a wurinsa shi ne ko ya iya rubuta labari a taƙaice, ya tabbatar da shi daga ɓangarori biyu kafin a kunna makirfo.